Babi na Biyar: Tsofaffin Rezoji Masu Baki Ɗaya da Masu Ɗuri

Kafin rezar roba mai baki uku ko biyar ta mamaye kantuna, masana'antun kayan aski na Amurka sun shafe fiye da rabin ƙarni suna gogayya a kan tambaya guda, wato ko ya fi dacewa reza ta kasance siririya mai lanƙwasuwa, ko kuwa kakkaura wadda ke tsayawa da ƙarfin kanta. Ɓangaren farko ne ya ci kasuwar duniya, shi ya sa rezar da ake samu a teburin kowane mai tireda a yau ita ce siririyar nan mai baki biyu da ke zuwa a naɗe cikin takarda. Ɓangare na biyu bai mutu ba, ya dai koma hannun tsirarun masu sha'awa da ke farautar tsofaffin kayansa a kasuwannin gwanjo da na intanet, kuma akwai dalilai na zahiri da suka sa ya cancanci a sake duba shi, musamman ga mai murɗaɗɗen gashi. Domin kauce wa ruɗani, abin da ake nufi da reza a wannan babi shi ne ɗan ƙarfen nan mai kaifi da ake jefarwa idan ya dakushe, gidan reza kuwa shi ne abin da ke riƙe ta, wanda ya ƙunshi mariƙi da kai da shinge, wato ƙarfen da ke gaban kaifi yana danne fata don kada reza ta nutse a cikinta.

Tushen reza mai baki ɗaya yana wurin wasu 'yan'uwa Jamusawa da suka yi ƙaura zuwa New York, Frederick da Otto Kampfe, waɗanda a 1880 suka sami takardar mallakar fasaha a kan gidan rezar da suka sayar da sunan Star. Abin da ake sanyawa a cikinsa guntun aska ne sosai, mai kaurin baya da siririn baki, wanda sai an riƙa goga shi a kan fatar washi kafin aski, kuma idan ya dakushe a kai shi wurin mai washi. Shingen ya rage yanka, amma bai ɗauke wahalar washi ba, kuma wannan wahalar ce King Camp Gillette ya gina arzikinsa a kanta. Kamfaninsa, wanda aka kafa a 1901, ya fara sayar da reza mai baki biyu a 1903, inda a shekarar ya sayar da gidan reza 51 da reza 168 kacal. Kaurin irin wannan reza a yau bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, don haka ba ta iya yanka gashi yadda ya kamata sai an matse ta tsakanin murfi da gindin kai, an tanƙwara ta har ta sandare. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya rundunar sojan Amurka ta raba wa dakarunta gidajen reza na Gillette kimanin miliyan uku da rabi, kuma samarin da suka dawo daga fagen fama sun dawo da wannan al'ada gida.

Kamfanonin da suka gaji tsarin Kampfe, wato Gem da aka kafa a 1898 da Ever-Ready da ya biyo baya, sun amsa wannan ƙalubale ta wata hanya dabam. Su ma sun koma ga rezar da ake jefarwa, amma suka bar ta da kauri, kimanin milimita 0.23, wato fiye da ninki biyu na rezar Gillette ta yau, sannan suka lulluɓe bayanta da wani ninkakken ƙarfe da ake kira ƙashin baya, wanda ke ƙara mata ƙarfi yana kuma bai wa yatsu wurin riƙo. A 1919 Gem da Ever-Ready da Star suka dunƙule a ƙarƙashin kamfanin American Safety Razor da ke Brooklyn, wanda daga baya, a 1954, ya mayar da masana'antarsa garin Verona a jihar Virginia. Amfanin wannan haɗewa ga mai aski na yau shi ne kusan duk gidajen rezar da ke ɗauke da waɗannan sunaye uku, in ban da na farko-farko masu guntun aska, reza iri ɗaya suke ci, wadda ake kira rezar GEM.

Kaurin nan shi ne ginshiƙin batun gaba ɗaya. Gashin gemu yana da tauri, kuma duk lokacin da kaifi ya ci karo da shi yakan ture bakin rezar baya kaɗan. Idan rezar siririya ce kuma gidanta bai matse ta kusa da baki ba, sai bakin ya riƙa karkarwa yana tsalle-tsalle a kan fata, abin da ido ba ya gani amma fata tana jin sa a matsayin zogi bayan aski. Kakkaurar reza ba ta wannan rawa. Tana tafiya a miƙe, tana yanke gashi a bugu ɗaya, don haka ba a bukatar a yi ta maimaita wuri guda, alhali maimaitawar ce ke kankare saman fata. Sai dai wannan ƙarfi yana da sharaɗinsa, domin rezar da ba ta lanƙwasuwa ba ta yafe kuskuren hannu. Wanda ya saba da reza mai baki biyu yakan ɗaga mariƙi yadda baki zai tsaya a kan fata a karkace sosai, wanda kuma ya saba da rezar roba yakan danna da ƙarfi. Duka halayen biyu jini suke jawowa a nan. Ƙa'idar ita ce a kwantar da murfin kai a kan kunci kusan shimfiɗe, sannan a ɗaga bayansa kaɗan-kaɗan har sai kaifi ya fara cin gashi, a bar nauyin gidan rezar ya yi aikin, a riƙa ja gajere-gajere. Kunne yana taimakawa ƙwarai, domin faffaɗan kan waɗannan rezoji yana amsa amo, ana jin ƙarar yankan gashi kamar ana kankare ƙanzo a tukunya, kuma da zarar ƙarar ta ɗauke an san ko dai gashin ya ƙare ko kwanciyar kan ta goce.

A cikin gidajen GEM, wanda ya fi yawa a kasuwar gwanjo shi ne samfurin da ake kira 1912, saboda shekarar mallakar fasahar da aka buga a jikinsa, ko da yake an ci gaba da ƙera shi shekaru da yawa bayan haka. Murfinsa yana buɗuwa da ɗan yatsa, a kwantar da reza bakinta ya tokari wasu ƙananan ƙugiyoyi biyu da ke kusurwoyin gaba, sannan a rufe, sifirin ya danne ta daga baya. Micromatic, wanda ya fito a farkon shekarun 1930, ana buɗe shi ne ta hanyar murɗa ƙasan mariƙi, kuma yana kama rezar ta wasu ƙananan tsagu biyu da ke gefenta ya tura ta gaba har ta zauna daram. Na farkonsa, mai shinge irin na haƙoran mataji, yana da zafin aski, bai kuma dace da ɗan koyo ba. Waɗanda suka biyo shi, Clog-Pruf da sauransu, sun fi sauƙin hali, haka ma Featherweight mai mariƙin roba na shekarun 1950.

Reza mai ɗuri kuwa daga tunanin soja ta fito. Jacob Schick hafsa ne a rundunar sojan Amurka da ya kai muƙamin laftanar-kanar, kuma ya ɗauko dabarar ne daga bindiga mai gidan harsashi, wadda ake ɗura mata harsashi ɗaya bayan ɗaya ba tare da an taɓa shi da hannu ba. Samfurinsa na farko, wanda ya shiga kasuwa a 1926, yana ɗauke da reza ashirin a cikin mariƙinsa. A juya kai ya daidaita da mariƙi, a ja ƙasan mariƙin a mayar, sai sabuwar reza ta shiga ta tunkuɗo tsohuwar waje. Schick ya sayar da wannan harka a 1928 ga kamfanin American Chain and Cable domin ya sami jarin ƙera injin aski na lantarki, kuma a hannun sababbin masu ita ne, a tsakiyar shekarun 1930, aka fitar da rezojin daga cikin mariƙi aka mayar da su cikin wani ɗan kwanson ƙarfe mai zaman kansa. Wannan shi ne tsarin da ya ɗore. Kamfanin Eversharp ya saye harkar a 1946, Warner-Lambert kuma ya karɓe ta a 1970.

Yadda ake ɗurin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne akasarin masu ƙorafi a kan wannan reza suke lalata ta tun kafin ta taɓa fuska. A gefe ɗaya na kwanson akwai wani ɗan harshen ƙarfe da ake kira makulli, wanda ake zura shi cikin wata kafa a gefen kan gidan rezar. Shigarsa tana ɗan buɗe sifirin da ke matse da tsohuwar reza. A saman kwanson akwai abin turawa, wanda idan aka ja shi baya zai kamo reza guda daga cikin jerin, idan aka tura shi gaba kuma sai ta zame cikin kai tana korar tsohuwar ta ɗaya gefen. Hatsarin yana wurin ƙugiyoyin gaba da ke tokare bakin reza a cikin kan: idan makulli bai buɗe kan sosai ba, sabon kaifi zai gogi ƙugiya yayin da yake wucewa, ya dakushe daga wannan kusurwa zuwa waccan, mai aski kuma ya ɗora laifin a kan kamfanin da ya ƙera rezar. Maganinsa shi ne a tura a hankali ana kallon bakin, a ɗan karkata kwanson yadda kaifi zai wuce ƙugiya ba tare da ya taɓa ta ba. Saboda wannan dalili ne ba a son a bar kan babu reza a ciki, domin tsohuwar ce ke riƙe hanya a buɗe ga sabuwar.

Masu tara waɗannan kayayyaki sun rarraba gidajen Schick da haruffa. Nau'in E, na 1935 zuwa 1945, yana da ɗan gajeren mariƙi na bakalait, wato wata tsohuwar roba mai tauri, kuma askinsa yana kai wa ƙasa sosai. Nau'in G ya biyo shi a zamanin Eversharp. A tsakiyar shekarun 1950 aka ƙara wata 'yar sanda mai suna Hydro-magic, wadda ke sassauta rezar don ruwa ya wanke bayanta ba tare da ta faɗo ba. Nau'in J da L masu dogon mariƙi sun fi laushin aski, nau'in M kuma yana da abin murɗawa da ke matsar da shinge gaba ko baya don a ƙara ko a rage tazarar da ke tsakaninsa da kaifi. Kan reza mai ɗuri siriri ne, faɗin rezar kimanin milimita takwas, saboda haka yana shiga ƙarƙashin hanci da gefen saje cikin sauƙi, abin da faffaɗan kan GEM ke shan wuya a kai. Ga wanda ya ajiye gemu, yake gyara layin kunci da na wuya kawai, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Duka tsarin biyu sun ja baya ne bayan Gillette ya fitar da Trac II mai baki biyu a jere a 1971, kamfanin BIC kuma ya kawo rezar roba da ake jefarwa gaba ɗayanta a 1975. Sababbin sun fi sauƙin koyo, wannan gaskiya ne, amma sun zo da wata illa da ta fi shafar baƙar fata. Dabarar baki da yawa ita ce na farko ya ɗan jawo gashi daga raminsa, na biyu ya yanke shi kafin ya koma, ta yadda guntun zai nutse ƙasa da saman fata. Ga miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne kawai; murɗaɗɗen gashi kuwa, da yake a lanƙwashe yake fitowa kuma aski ya bar masa tsini, yakan soki bangon raminsa, ko ya fito ya lanƙwaso ya sake shiga fata, jiki kuma ya ɗauke shi a matsayin baƙon abu ya kumbura a kansa. Wannan ne asalin ƙurajen aski da ke fesowa a wuya da ƙarƙashin muƙamuƙi, su bar baƙin tabo, wani lokaci ma tabo mai tudu. Shi ya sa likitocin fata ke ba masu wannan matsala shawarar reza mai baki guda, da bin kwanciyar gashi, da barin jan fata yayin aski. Wajibi ne a faɗa a fili cewa tsohuwar reza ba magani ba ce: ita ma idan aka bi da ita ta saɓanin kwanciyar gashi sau biyu ko uku za ta haifar da ƙurajen, kuma wanda nasa suka yi tsanani abin da ya fi masa shi ne ya dakatar da aski na wasu makonni, ko ya koma ga kilifa da ke barin ɗan tsawo.

Zaɓen reza yana farawa ne daga siffa, domin sunan baki ɗaya ya haɗa iri-iri da ba sa shiga gidan juna. Rezar GEM mai ƙashin baya ba ta shiga gidan Schick, rezar ɗuri ba ta zama a gidan GEM. Akwai kuma gidan Valet AutoStrop, wanda kamfaninsa ya haɗe da Gillette a 1930, da ke cin wata reza marar ƙashin baya mai huji na musamman, wadda a yau kamfanin Feather na Japan ke ƙera makamanciyarta da lambar FHS-10. Doguwar rezar Artist Club ta Feather, wadda aka yi domin askar masu shagon aski, ita ma dabam take. Mai saye daga nesa, wanda hoto kawai yake gani, ya kamata ya tabbatar da wannan kafin komai.

Bayan siffa sai babban tarkon da ke cikin rezar GEM. Saboda ƙarfinta da sauƙin riƙonta, masu fenti da masu gilashi da ma'aikatan masana'antu sun daɗe da mayar da ita abin kankare fenti da yanka kwali, kuma mafi yawan waɗanda ake ƙerawa a yau domin wannan aiki ake yin su. A ido ba su da bambanci da na aski, tsawonsu ɗaya, ƙashin bayansu ɗaya, suna shiga gidan 1912 daidai wa daida. Bambancin yana a bakin: washinsu bai kai laushin na aski ba, ba a yi musu shafin da ke sa kaifi ya zame, ana kuma barin su da man masana'anta don kada su yi tsatsa. Duk wanda ya sayi reza a shagon kayan gini ya ɗora ta a fuska zai yanke hukuncin cewa kakannin Amurkawa azaba suka sha, alhali bai gwada abin da suka yi amfani da shi ba. Yawan rezar da ke cikin kwali ba ya nuna komai, domin duka biyun ana sayar da su ɗari-ɗari. Abin dubawa shi ne irin ƙarfen da kuma shafin.

Ƙarfen iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe mai yawan sinadarin kabon, wanda shi ne na asali, irin na rezojin Treet da PAL da Gem Blue Star. Yana ɗaukar kaifi mai kyau, wasu ma sun fi son laushinsa a askin farko, amma ruwa abokin gabarsa ne, kuma idan aka bar shi a jiƙe cikin gidan reza, musamman da damina, yana iya wayar gari da jan tsatsa a baki, har ya ɓata gidan. Mai amfani da shi dole ya cire shi bayan kowane aski, ya busar da shi ba tare da ya goge bakin ba, ko ya tsoma shi a sifirit. Akwai kuma ƙarfe marar tsatsa, mai sinadarin kuromiyam kimanin kashi 13 cikin ɗari, wanda ya mamaye kasuwa bayan kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fitar da rezarsa a 1962. Shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin tsurarsa yana jan gashi. Abin da ya sa ya yi nasara shi ne shafin PTFE, sinadarin nan da aka fi sani da Teflon, wanda ake gasa shi a bakin reza don ya rage ƙarfin da ake bukata kafin kaifi ya ratsa gashi. Rezar GEM marar tsatsa mai shafin PTFE, wadda har yanzu ake ƙerawa a Verona, inda kamfanin AccuTec ya gaji masana'antar a 2015, ita ce ta fi dacewa da mafi yawan mutane. Sau da yawa askinta na biyu ya fi na farko daɗi, saboda rarar shafin takan goge a karon farko, don haka kada a yi saurin jefar da ita.

A ɓangaren ɗuri zaɓin bai kai haka yawa ba, kuma hakan ya rage ruɗani: akwai na Schick da ake ƙerawa a ƙasar Sin, bakwai a kwanso, akwai na Personna, sai na wasu sababbin kamfanoni da suka farfaɗo da tsarin. Duka marasa tsatsa ne, kuma inda suka fi bambanta shi ne ingancin makullin kwanson, wanda idan ya yi sako-sako yakan sa kaifi ya gogi ƙugiya. Tsofaffin rezojin da ba a taɓa buɗewa ba, waɗanda ake tallatawa da tsada, sai a yi hattara da su: marasa tsatsa na shekarun 1970 sukan ci gaba da aiki, amma baƙin ƙarfen da ya shekara saba'in a ajiye galibi danshi ya riga ya cinye bakinsa ko da takardarsa tana nan sabuwa.

Babu adadin aski da za a yanka wa kowace reza, domin kaurin gashi da faɗin wurin da ake askewa sun bambanta daga mutum zuwa mutum. Alamar ƙarewarta ita ce ta fara fizgar gashi, ko hannu ya fara dannawa ba da niyya ba. Wani bincike da masana a jami'ar MIT suka wallafa a mujallar Science a 2020 ya nuna cewa gashi, duk da ya fi ƙarfen reza taushi har sau hamsin, yana ɓantarar bakinta ƙanana-ƙanana, musamman idan ya lanƙwashe ya tari kaifi a karkace a daidai inda ƙarfen ke da rauni. Jiƙa gashi da ruwan ɗumi na minti biyu ko uku, da kumfa mai santsi, suna rage taurinsa, kuma wannan ya fi kowace dabara tsawaita ran reza. Wanda yake gwada iri-iri ya riƙa canza abu guda a lokaci guda, domin idan ya sauya reza da sabulu da gida a rana ɗaya ba zai san wanne ya gyara askin ko ya ɓata shi ba.

Wajen sayen tsohon gida, kwailewar fentin zinare ko na nikel ba ta hana aiki, tunda akasarinsu tagulla ce a ƙasa. Abin da ke kashe gida shi ne lanƙwasasshiyar ƙugiya ko sifirin da ya saki, domin reza ba za ta zauna daidai ba. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, sannan a jiƙa kan a sifirit, amma kada a tafasa mai mariƙin roba ko bakalait. Tsabtar ba wasa ba ce, domin ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai, kuma ba a aron gidan reza ko tsakanin wa da ƙane. Tsohuwar rezar da aka tarar a gidan GEM a jefar da ita nan take. Ta gidan Schick kuwa a wanke kan da ita a ciki, a bari sabuwa ta tunkuɗo ta.

Ga mai farawa, musamman mai fama da ƙurajen aski, gidan Schick nau'in J ko L ya fi sauƙin koyo, sai GEM 1912 da reza marar tsatsa mai shafin PTFE. Amma kasuwannin Kano da Maraɗi da Kumasi reza mai baki biyu da ta roba suka sani, waɗannan kuwa yawanci sai an yi odarsu daga waje, don haka mai niyya ya fara tabbatar da hanyar samun rezar, ya sayi wadda za ta ishe shi shekara, kafin ya biya kuɗin gidan.